Jakar Baba ta Farko

Laraba, 5 ga Fabrairu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da marasa lafiyar da kike jinya, har da masu warkewa da wuri don gudun allurarki. Mu nan lafiya lau, in aka cire bayana da gwiwar matar yayanki da idon Baba. Yara suna gaishe ki.

Kada ki yi mamakin takarda a zamanin waya. Baba yana kwana a ɗakin da ke jikin nawa, kuma kin san halinsa: a kira shi cin abinci sau uku bai ji ba, amma a ambace shi cikin raɗa a tsakar gida, sai ki ji gyaran murya. Don haka a ɗakin karatu nake rubuta miki, a teburin aikina, tsakanin mai neman jaridar jiya da mai barci a kan ƙamus. Ki aiko amsa ta nan.

Maganar ido tukuna. Mun koma wurin likita. Na hagu ya tafi, wannan kin sani. Na dama ma ganinsa yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta bututu, kuma bututun kullum ƙara matsewa yake. Na tambayi likitan tsawon lokacin da ya rage. Ya juya bironsa, ya ce watanni, bai ce nawa ba. Maganin ɗigawa jinkiri kawai yake kawowa.

A hanyar dawowa Baba ya ce yana so ya koyi golf.

Na ɗauka zolaya ce. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana ɗaukar wa 'yan wasa jaka a filin nan, wanda ya san kowane tudu da kowane ramin yashi fiye da yadda ya san shekarunmu, ashe bai taɓa buga ƙwallo ba ko sau ɗaya. Na ce, "Baba, ba ranar Litinin ake rufe fili a bar wa ma'aikata su yi wasa ba?" Ya ce haka ne, sai dai shi Litinin ɗinsa a gidajen mutane take ƙarewa, yana aske musu shinge. Bai ce saboda takalmanmu na makaranta ba ne. Ya bar ni na ƙarasa da kaina. Ya ce har yau ƙa'idar tana nan, tsohon ma'aikaci ma yana da Litinin, kuma yana so ya ga ƙwallon da shi ya buga tana tashi, tun idon yana iya bin ta.

Sanduna ba matsala ba ne, mai kula da siton filin ya aiko cewa zai ara masa. Jaka ce ya ce sai an nemo. "A samo min irin ta mai wasa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya juya yana kallon taga.

Kin taɓa ce min akwai shagunan kayan wasanni kusa da asibitinku. Ni cikin kwana biyu na karanta littafi uku a kan golf, na san tarihinsa tun daga makiyaya, amma ko marubuci ɗaya bai ga dacewar ya yi maganar jaka ba. Da alama duk ɗaukar musu ake yi. Ki tambayar mana wadda ta dace da ɗan koyo mai shekara saba'in da uku.

Yayanki

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai aiki. Ka gaishe min da Baba da Anti da yara. Bayanka kuma zama ne ya yi masa yawa, na faɗa maka tun bara.

A ɗakin canja kaya na karanta takardarka. Na zauna a benci na kasa tashi, har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ranar hutuna na shiga shago uku. A na ukun na sami wani dattijo da ya zauna ya yi min bayani. Ashe iri huɗu ce. Akwai babba ta fata, mai faɗin baki da aljihu ko'ina, wadda ko babu komai a ciki nauyinta ya kai na jariri ɗan wata biyar. Ya ce wannan ta waɗanda ake ɗaukar wa kaya ce, ba ya ba ɗan koyo shawarar saye. Akwai ta ɗorawa a keken turawa, aljihunanta duk suna fuska ɗaya, amma ba ta da daɗin rataya. Akwai siririya kamar gidan laima, sanda huɗu ko biyar take ci, ba wurin ruwa ba wurin magani. Sai kuma mai ƙafafu biyu, wadda da an ajiye ta ƙafafun suke fitowa ta tsaya da kanta.

Ita na saya. Ga dalilaina, kafin ka fara. Ɗan koyo ba ya bukatar sanda goma sha huɗu, shida ko bakwai sun isa, to me zai yi da babba? Maratayinta biyu ne, kamar jakar makaranta, nauyi zai rabu. Ka dubi kafaɗar Baba ta dama in yana tsaye, yadda ta sauka ƙasa da ta hagu. Ba na so a ƙara ɗora mata komai ita kaɗai. Tunda tana tsayawa, ba sai ya sunkuya ba, kuma sunkuyo ba shi da kyau ga irin ciwon idonsa. Na zaɓi ruwan lemo mai haske don ya riƙa hango ta a cikin ciyawa. Akwai ƙaramin aljihu a sama, na saka masa kwalin ajiye maganin ɗigawa a ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da dattijon ya ce: mai irin wannan jakar ba ya bukatar kowa, shi da kansa zai ɗauki kayansa ya tafi. Na tuna yadda Baba yake ƙin a riƙe masa hannu a matakala. Na ce shi ke nan, ita ce.

Na aiko ta jiya. Ka kai shi Litinin ɗin farko, don Allah, kada ka ce sai ka gama wani littafi.

Ƙanwarka

Alhamis, 20 ga Maris

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya. Gwiwar Antinki ta fara sauƙi, sai jakarki ta iso.

A falo muka buɗe kwalin. Ina jingine ta a ƙasa sai ƙafafun suka yi tsalle suka fito, ɗaya ta sami Antinki a ƙwauri. Jakar ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallonmu, kamar zalɓen da aka sa wa rigar masu gyaran titi. Yara sun so a ba ta suna.

Baba ya zo ya shafa ta daga baki har ƙasa, ya zuge kowane aljihu ya mayar. Ya ɗaga ta da yatsa biyu. Ya ce, "Allah ya yi wa Auta albarka. Ba nauyi." Can ya ce, "Wa ke ɗaukar wannan?" Na ɗauko takardarki na karanta masa wurin da kika ce mai ita ba ya bukatar kowa, da kansa zai ɗauka. Ya ce, "To." Ya sa na ɗora masa ita a kan kabad ɗin ɗakinsa, kusa da akwatin Mama.

Litinin biyu sun wuce. Ta farko ya ce akwai hadari, alhali sama tas take. Ta biyu ya ce ƙafarsa. Na duba ƙafar, lafiyarta ƙalau, ta fi tawa.

Ina jin launin ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin farar rigar aiki, ki ce ya shiga fili da abin da za a hango daga jirgin sama. Dattijon shagon naki ya iya baki. Ina zargin ya daɗe yana addu'ar Allah ya kawo wanda zai raba shi da ita, sai ga ki da jakar hannu da zuciya mai kyau.

Zan ƙara gwada shi Litinin mai zuwa.

Yayanki

Talata, 6 ga Mayu

Auta,

Ina fata lafiya. Ina cewa ina fata, don ba ni da wata hujja. Mako shida ke nan ina tambayar mai kawo wasiƙu, har ya fara shigowa ta ƙofar baya. Kina kiran Baba a waya ranar Juma'a, ina ji, amma da ya ce ga yayanki sai aiki ya taso.

Jikinsa lafiya, yana cin abinci. Idon ne. Ya daina zuba wa kansa shayi, bayan ya zuba wa tebur sau biyu. Shekaranjiya ya shigo falo ya yi wa rigata da ke rataye sallama, ya tsaya jiran amsa. Na amsa daga kicin. Ya gane.

Ya daina kawo uzuri ranar Litinin. Yanzu ya tashi da wuri, ya yi wanka, ya zauna a bakin gado har hantsi, sa'an nan ya kunna rediyo. Na ce masa in launin ne, a sa mata riga. Ya ce launi ba shi da laifi, shi kaɗai ma yake iya gani a ɗakin.

In wani abu na rubuta da ya ɓata miki rai, ki yi haƙuri. Na san bakina. Abokan aikina sun shekara ashirin suna haƙuri da shi don ba su da wurin zuwa. Amma ban san me zan yi ba, Auta, kuma ba na cika rubuta wannan jimlar ba.

Yayanki

Litinin, 19 ga Mayu

Yaya,

Na gaishe ka. Lafiyata lau, fushi nake yi. Ranar hutu ɗaya gare ni a wata, na ƙarar da ita ina ɗaga jakunkuna ina gwada su a kafaɗata, ina kuka a gaban mai shago, kai kuma ka zauna a kujera ka mayar da ni abin dariya. Na rantse ba zan amsa ba. Na yi kuskure, don makonnin nan daga idon Baba aka cire su, ba daga naka ba.

Da takardarka ta watan nan ta zo, na koma na karanta ta watan Maris, ina tsallake barkwancin. Abin da ya rage bai fi layi huɗu ba, kuma amsar tana ciki. Da hannunka ka rubuta ta ba ka gani ba, kana neman inda za ka saka zalɓe.

"Wa ke ɗaukar wannan?" Ba ka ji tambayar ba?

Ya ce irin ta mai wasa. A filin da Baba ya sani, mai wasa ba ya ɗaukar jaka. Yana tafe a gaba hannu sake, wani yana biye da shi, in ya miƙa hannu a sa masa sanda. Shekara talatin da huɗu yana bayan mutane yana kallon ƙeyarsu. Ni kuma na aika masa jakar da ke ce masa ya ci gaba da ɗauka, sai dai yanzu ba kowa a gabansa. Dattijon nan ya nuna min babbar, ya faɗa min ta su wa ce, na wuce ta. Laifina ne wannan.

Saura naka. Ina 'yar shekara takwas, kana hutun makaranta, muna cin abincin rana, Baba ya ce ana gasa ranar Asabar, ba su da isassun hannu, ko za ka zo ka ɗauki jaka ɗaya kusa da shi. Ka ce, "Ni ba don in ɗauki jakar wani nake karatu ba." Mama ta ajiye cokali. Baba ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da cin abincinsa. Tun daga ranar ban taɓa jin ka shiga ƙofar filin nan ba. Wataƙila ka manta. Shi bai ƙara tambayarka ba, kuma ba zai tambaya yanzu ba, ko da idon zai rufe yana zaune a bakin gado.

Da zan samu hutu kafin Agusta da na zo, amma ko na zo ba zai bar 'yarsa ta bi shi da kaya ba. Ka nemo babbar. Kada ka tsaya jiran in aiko, babu lokaci. Kuma kada ka ɗauko masa wani daga cikin ma'aikatan fili. Kai.

Ƙanwarka

Laraba, 11 ga Yuni

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Bayana ya ƙi miƙewa tun shekaranjiya, a tsaye nake rubuta miki, na ɗora takardar a kan kabad ɗin katunan littattafai.

Ban manta ba. Na daɗe ina fata ke kin yi ƙanƙanta da riƙewa.

Ranar Alhamis na je filin. Mai gadi ya tambaye ni wurin wa na zo, na ce ni ɗan wane ne, sai ya miƙe tsaye. A wurin aikina ba a taɓa miƙe min ba. Mai sito ya saurare ni, ya shiga can ciki ya jawo wata tsohuwar jakar fata, baƙa, ta wani ɗan wasa da ya rasu iyalinsa ba su zo ɗauka ba. Tana warin man takalmi da ruwan sama. Ya cika ta da sanda goma sha huɗu. Na ce ɗan koyo bakwai yake bukata, ƙanwata ta bincika. Ya ce, "Malam, ɗan koyo ka zo nema wa, ko babanka?"

Da na kai ta gida Baba ya shafa bakinta, ya bi maratayin da yatsa, ya tsaya a wani ɗinki. Ya ce shi ya yi ɗinkin, da zaren takalmi, ya ɗauke ta shekara tara. Ya ce, "Wa zai ɗauka?"

Na ce, "Ni."

"Da wane bayan?"

"Na karanta littafi uku, Baba."

Ya yi dariya har da tari. Ranar Lahadi ya sa Antinki ta goge masa wando sau biyu.

Litinin da hantsi muka shiga. Filin shiru, sai masu ban ruwa can nesa. Ya wuce gaba, ina biye. Bai san yadda zai yi da hannayensa ba: ya sa a aljihu, ya fitar, ya goya a baya. Kafaɗar nan tana karkace kamar jakar tana kanta, alhali tana kaina, tana yanka min wuya.

A wurin bugun farko ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, yadda ake yi masa. Na sa masa sanda. Ya shafa kanta ya mayar min. "Wannan ta yashi ce." Na ba shi wata. Ya mayar. A ta uku ya ce, "Ashe dai karatun yana da amfani." Na durƙusa na dasa masa ƙwallon, ya sa na kama ƙarshen sandar na jingina ta a bayanta.

Bugun farko ya sami iska. Na biyu ya ɗebo ciyawa. Ya gyara tsayuwa, ya yi wa kansa faɗan da ya saba yi wa wasu, ƙasa ƙasa: kai a sunkuye, kada a yi gaggawa. Na uku ya same ta. Ƙarar ta fita tsaf, har ɗaya daga cikin masu ban ruwa ya ɗago.

Baba ya tsaya da sanda a kafaɗa, yana juya kai a hankali, yana neman ta cikin ɗan abin da ya rage masa na sama. Ya daɗe a haka. Sai ya ce, "Ina ta sauka?"

Auta, ban sani ba. Fuskarsa nake kallo.

Na yi niyyar in ƙirƙiro masa, in ce tsakiyar fili, kusa da itacen nan. Ban yi saurin isa ba. Ya ce, "Kai ma ba ka gani ba." Ba tambaya ba ce. Ya miƙo min sandar. "Mai ɗaukar jaka ba ya kallon mai wasa. Ƙwallo yake kallo. Shi ne aikin, ɗaukar kayan ƙari ne." Ya faɗa ba faɗa a muryarsa, kamar yadda zai gaya wa sabon ma'aikaci. Muka nema, ni da masu ban ruwa biyu, ba mu same ta ba.

Na dasa masa wata. Wannan karon na bi ta da ido har ƙwalla ta cika min. Ƙararta ba ta kai ta farko ba, ta tashi kamar tsayin ɗaki, ta karkata hagu, ta gangara gindin wani tudu. Na gaya masa. Ya ce, "Sake faɗa, a hankali." Na sake. Ya ce ya san tudun, in an yi ruwa ƙwallo ba ta gangarowa daga can.

Rami uku muka yi. Ban ƙirga bugun ba, shi ma bai tambaya ba. Duk wanda ya buga sai in ba shi labari, ya gyaɗa kai, ya wuce gaba. Sau biyu ya ce in daina kaɗa sandunan kamar mai tallar cokula. A rami na uku na riƙe masa tuta, na riƙa buga gindinta a ƙasa don ya ji inda ramin yake. Da ƙwallon ta faɗa ya sunkuya da kansa ya laluba ya ciro ta, duk da na ce kin hana sunkuyo. Ya sa ta a aljihu ya ce ya isa.

Muka zauna a benci. Ya ji yadda nake numfashi. Da muka tashi sai ya kama maratayin. Na ce, "Baba, mai wasa ba ya ɗauka." Ya ce, "Na gama wasa." Ya jefa ta a kafaɗar dama da motsi ɗaya, ta zauna daram, ko sanda ɗaya ba ta yi ƙara ba. Mutumin da ba ya iya ƙetare falo sai da lalube ya kama hanya, ya kauce wa ramin yashi, ya bi ta bayan itatuwa, ya hau 'yar gadar katako, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ni ne a baya hannu sake, ina haki.

A ƙofar sito ya sauke ta, ya goge kawunan sandunan ɗaya bayan ɗaya kafin ya miƙa. Mai sito ya ce sai Litinin mai zuwa. Baba ya yi masa godiya, bai amsa wannan ba.

Muna jiran mota ya kama hannuna, da kansa. Ya ce, "Ka rubuta wa Auta ka ce na ga ta farkon. Ka ce ta tashi sosai." Na ce to.

Don haka ga saƙon: ya gan ta, ta tashi sosai. In kin kira ranar Juma'a, ki tambaye shi yadda ta tashi, ki bar shi ya faɗa miki har ƙarshe.

Yayanki